Limaman Kirista Biyu a Kan Hanyar Kwararrafa

Duk wanda ya saba bin titin da ya tashi daga Ƙofar Na'isa ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ya san Ƙofar Gadon Ƙaya. Yau wuri ne na hayaniyar 'yan Adaidaita Sahu da masu rake da lemo, kowa na sauri, da wuya ka ga wanda ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage na badala. Amma ta wannan ƙofa ce mayaƙan Kwararrafa suka kutsa cikin birnin Kano wajen shekarar 1671, zamanin Sarki Dadi, suka yi ta sara da suka har cikin kasuwar Kurmi. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin, kuma ba wannan ne zuwansu na farko ba. Zamanin Muhammadu Zaki sun zo, har sai da Kanawa suka bar gari suka nufi Daura. Zamanin Muhammadu Kukuna ma sun dawo. Katsina ba ta tsira ba, Barno ba ta tsira ba. Har yau Katsinawa na ba da labarin cewa addu'ar Wali Ɗan Masani ce ta juya su daga garin.

Kakanninmu sun san Kwararrafa a matsayin abokan gaba daga kudu, mutanen da ba sa salla, masu zafin yaƙi. Abin da ba mu cika ji ba shi ne, a daidai waɗannan shekaru sunansu ya bi ayari ya ƙetare hamada, ya hau jirgin ruwa ya ƙetare Bahar Rum, ya isa birnin Roma, kuma da wata fuska dabam ya isa can. A Roma an ji cewa Kwararrafa Kiristoci ne. Wannan magana ce ta taso limaman Katolika biyu daga gaɓar teku, ta ja su tafiyar sama da kilomita 2,000, ta ajiye su a Katsina a daminar 1711, wato shekara ta 1123 bayan Hijira. Ba su fita daga garin ba.

Labarin ya faro ne daga Tarabulus ta Libiya. A wancan zamani garin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, kuma ƙofofi biyu ne ke ciyar da shi: ta teku da ta hamada. Ta hamada ayarin Barno da na ƙasar Hausa ke shigowa da fatu da gashin jimina da hauren giwa da bayi. Ta teku kuwa jiragen farauta ke shigowa da Turawan da aka kama a kan ruwa, matuƙa da masunta da fasinjoji, a zuba su a gidajen bayi har sai danginsu sun aiko da kuɗin fansa. Mutum yakan yi shekara goma yana jira, wani kuma ya mutu bai ga kowa nasa ba.

Saboda waɗannan kamammu ne limaman ɗarikar Faransis suka kafa gida a Tarabulus tun wajen tsakiyar ƙarni na 17, da yardar masu mulki. Cocinsu, Santa Maria degli Angeli, har yanzu gininta na nan cikin tsohon gari. Aikin Fada a irin wannan wuri ba na ado ba ne. Ikilisiyarsa ita ce kurkuku. Shi zai shiga ya yi musu addu'ar Lahadi, ya saurari mai son furta zunubansa, ya rubuta wa wanda bai iya rubutu ba takarda zuwa gida, ya shiga tsakani wajen cinikin fansa, ya zauna gefen mai jinya, in rai ya yi halinsa ya binne. In annoba ta shigo gari, abin da takan yi sau da yawa, ba inda zai je, don ita ce ma lokacin da aka fi nemansa.

'Yan wannan ɗarika suna da wani hali da ya kamata mai karatu ya riƙe, don zai dawo a ƙarshen labarin. Wanda ya kafa ta, Faransis mutumin garin Asisi na Italiya, ɗan attajiri ne da ya ajiye dukiyar ubansa ya zaɓi talauci, kuma a 1209 ya sami amincewar Paparoma. Mabiyansa sukan ɗaura igiya a ƙugu mai ƙulli uku, kowane ƙulli alkawari ne: ba aure, ba saɓa wa shugaba, ba mallaka. Na ƙarshen nan da gaske suke yin sa. Ɗan ɗarikar ba ya cewa rigata ko littafina da nufin mallaka, komai na 'yan'uwa ne gaba ɗaya, shi amfani kawai yake yi. Suna kuma da tsohon tarihi da ƙasashen Musulmi, domin a 1219, ana tsakiyar yaƙi a Dimyat ta Masar, Faransis ya ratsa fagen daga ya je gaban Sarki Al-Kamil, aka karɓe shi, aka saurare shi, ya komo lafiya. Kowane ɗan ɗarikar da aka tura ƙasar Musulmi da wannan labari a ransa yake tafiya.

To, a Tarabulus ɗin ne waɗannan limamai da ƙaramin jakadan Faransa, Claude Lemaire, suka riƙa jin wata magana daga bakin fatake da bayin da aka kawo daga kudu. Wai bayan Barno akwai wata ƙasa da mutanenta ke girmama gicciye, suna yaƙi da Musulmi, ba a iya cin su. Sunan ƙasar ya shiga takardunsu a karkace, kowa da yadda kunnensa ya ji, amma Kwararrafa ake nufi. Ba abin mamaki ba ne maganar ta sami shiga. A bakin Bahaushe ko Babarbare na lokacin, wanda ba Musulmi ba yana iya shiga sunaye iri-iri, kuma tafinta kan ba mai tambaya amsar da ya ga yana so. Su kuma Turawa sun daɗe suna mafarkin wata daular Kirista da ta ɓace a tsakiyar Afirka. Sun san Habasha Kirista ce. Sun san Nuba, a bakin kogin Nilu, ta yi ɗaruruwan shekaru tana Kirista kafin dauloli irin su Dongola da Alwa su faɗi. Me zai hana a ce wasu sun gudu yamma da addininsu? In kuwa haka ne, ga tumaki can ba makiyayi, shekara da shekaru ba wanda ya yi musu baftisma ko ya karanta musu Linjila. A idon limami, wannan ba labarin da za a ji a kwanta barci ba ne.

Takardu suka tafi Roma, zuwa ofishin yaɗa addini da Paparoma Gregory na 15 ya kafa a 1622, wanda ake kira Propaganda Fide. Ofishin ya yanke shawarar buɗe aiki na musamman mai suna aikin Barno, da niyyar a bi ta Barno a kai ga Kwararrafa. Wanda aka fara ɗora wa nauyin, Fada Damiano na Rivoli, ya gwada ta gabas. Daga Masar ya bi Nilu har Sinnar ta ƙasar Sudan, yana neman ayarin da zai yanka yamma da shi, hanya ta ƙi, ya juyo. Sai aka miƙa wa Fada Carlo Maria mutumin Jenowa, birnin matuƙan jirgi na Italiya, zamanin Paparoma Clement na 11. Shi ya zaɓi ƙofar Tarabulus.

Su uku aka shirya. Ɗaya, Fada Anastasio, ciwo ya kayar da shi tun ba a tashi ba, ya hau jirgi ya koma Turai. Saura Fada Carlo da Fada Severino, mutumin Silesiya, yankin da yawancinsa ke cikin ƙasar Folan a yau, ƙasar dusar ƙanƙara da dazuzzuka masu duhu. A tsakiyar 1710 suka bi ayari suka fita ta ƙofar kudu.

Wanda bai taɓa ganin hamada ba yakan ɗauka yashi ne kawai shimfiɗe. Tsakanin Tarabulus da Fazzan akwai filayen baƙin dutse da raƙumi ke yin kwanaki a kai ba ɗigon ruwa, ba ko ƙaya da zai ci. Rayuwar matafiyi tana rataye ne a salka, ita kuma salka tana tsiyaya, ruwan cikinta ya ɗauki ɗanɗanon jima da warin akuya. Guzuri dabino ne da garin sha'ir. Ana tashi tun duhu, a sauka in rana ta take, a sake ɗaura kaya da la'asar. Maganar madugu ita ce doka, domin shi ya san rijiyar da ke da ruwa bana da wadda ta ƙafe, shi ya san ƙabilar da za a biya kuɗin hanya da wadda za a kauce wa. Baƙo a cikin ayari, in ba shi da wanda ya tsaya masa, kayansa ma ba nasa ba ne, balle ransa. Ga shi kuma waɗannan baƙi Nasara ne, limaman Nasara ma.

A nan ne mutumin da na fi ƙauna a labarin ya shigo. Wani ɗan kasuwa ne Musulmi, haifaffen Tarabulus, mai suna Alhaji Milad. Shi ya zama abokin tafiyarsu daga Tarabulus zuwa Fazzan, daga Fazzan kuma har Agadas. Limaman da suka rubuta labarin daga baya, waɗanda ba su da dalilin yabon Musulmi a banza, sun shaida cewa ya riƙe su da amana. Mutum ne da ya sauke farali, ya san abin da waɗannan baƙi suke, ya san abin da ya kawo su, ya san ba addininsa za su je yaɗawa ba. Duk da haka watanni suna sauka zango ɗaya, suna shan ruwan rijiya ɗaya. Shi yana shimfiɗa buzunsa ya fuskanci gabas, su suna buɗe ɗan littafinsu na addu'o'in safe da yamma. Fatakenmu na dā sun san wannan doka sarai: wanda kuka ɗaura kaya tare, haƙƙinsa na wuyanka har ku sauke.

Suka isa Murzuk, babban birnin Fazzan, inda sarakunan gidan Aulad Muhammad ke mulki. Daga nan hanyar Barno ke miƙewa kudu, ta Kawar da Bilma har bakin tafkin Cadi. Sai suka tarar hanyar a rufe, 'yan fashi sun hana ayari wucewa. Mai hankali zai ce a juya, kamar yadda Fada Damiano ya juya daga Sinnar, ba kuma wanda zai zarge su. Fada Carlo bai juya ba. Ya ji akwai ayarin da zai yi kudu maso yamma zuwa Abzin, ya ce to a bi ta nan, ai kowace hanya in ta yi kudu tana kusantar da shi ga mutanen da yake nema.

Haka suka ratsa duwatsun Abzin suka sauka Agadas, zamanin Sarki Muhammadu Agabba, wanda ya ci ƙasar Adar da yaƙi. Birni ne na malamai da fatake, ga doguwar hasumiyar masallaci ta ƙasa da itatuwa a jikinta tana hango matafiyi tun daga nesa. Na kan yi tunanin abin da ya ɗarsu a zuciyar mutumin da ya yi wata da watanni yana neman alamar gicciye, in idonsa ya faɗa kan irin adon azurfar nan na Buzaye mai rassa huɗu da Turawa suka laƙaba wa suna gicciyen Agadas daga baya. Masu shi dai Musulmi ne, ado ne da gado a wurinsu. Limaman sun gane ba su da wurin aiki a Agadas. Amma a nan aka ba su wata shawara: su tafi ƙasar Katsina, za su iya samun masu saurarensu a wani ƙauye daga ƙauyukanta, ban da cikin birni. Wanda ya faɗa musu haka ya san ƙasar Hausa. Ya san birni na Musulunci ne, ya kuma san a karkara akwai Maguzawa masu bin al'adar kakanni.

A Agadas suka rabu da Alhaji Milad. Kasuwancinsa a nan ya tsaya. Suka shiga wani ƙaramin ayarin fatake, mutum goma suka tashi, suka yi wata guda a hanya, hamada tana ja da baya, ciyawa na ƙaruwa, har suka shigo ƙasar gero da dawa, suka hango ganuwar Katsina da hasumiyar Gobarau.

Katsinar da suka shiga tana kan ganiyarta. Ita ce babbar tashar ayarin arewa a ƙasar Hausa a wancan ƙarni, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, garin da ɗalibai ke zuwa daga nesa neman nahawu da fiƙihu. Farar fata ba baƙon abu ba ne a kasuwarta, domin Larabawan Gadamus da na Tarabulus na zaune da iyalansu. Kalmar Bature ma a wancan lokaci su ake nufi da ita, shi ya sa har yau muke da Dandalin Turawa a cikin birnin Kano, unguwar Larabawa ce. Mutumin Turai kuwa Banasare ne. Kano tana nan kudu, tafiyar 'yan kwanaki, Sarki Muhammadu Sharefa ɗan Dadi na kan gado, kuma a cikin birnin akwai tsofaffin da suka ga shigar Kwararrafa ta Gadon Ƙaya da idonsu shekara arba'in da suka wuce. Da limaman sun kai Kurmi sun tambaya, da sun sami wanda zai ba su labarin mutanen da suke nema, baki da baki.

Amma sun shigo da damina. Watan Agusta ne, lokacin da kududdufai ke cika, rijiyoyi su gauraye da ruwan kwata, sauro ya yi yawa, ɗan gari ma ya kwanta balle baƙon da jikinsa ya saba da busasshiyar iska. Fada Carlo ya kamu. Jikinsa duka ya kumbura, mutanen lokacin suka ɗora laifin a kan ruwan garin. Kwana takwas ya yi ya rasu.

Da labari ya kai fada, Sarkin Katsina ya aika aka kwashe duk abin da mamacin ya bari. Fada Severino, shi kaɗai yanzu, ba ɗan'uwa, ba Alhaji Milad, a garin da ba ya jin harshensa, ya tashi ya tafi gaban sarki. Ya ce kayan nan ba na mamacin ba ne shi kaɗai, nasu ne su biyu, abin da ke hannun ɗaya na ɗayan ne, don haka a mayar masa. Sarki ya ce in yana son kayan, to ya musulunta. Ya ce ba zai yi ba. Sarki ya sallame shi da cewa shi ma zai bi abokinsa. Bayan kwana biyu ko uku irin ciwon ya kama shi, bai cika mako biyu a kwance ba shi ma ya rasu.

Na daɗe ina juya wannan zama na fada a raina, domin a cikinsa dokoki biyu ne suka yi karo, kuma da alama ba wanda ya fahimci ta ɗan'uwansa. A wurin fada, baƙo ya mutu, ba ɗa, ba mata, ba ɗan'uwa na jini. Dukiyar da ba ta da magaji ta hukuma ce, haka aka saba a garuruwan ayari da yawa. Ga wani kuma ya zo yana cewa nasa ne, alhali ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, ƙasarsu ma ba ɗaya ba. A kunnen bafade wannan da'awa ce marar tushe. A wurin Severino kuwa gaskiya tsantsa ya faɗa. Carlo bai mallaki komai ba tun ranar da ya ɗaura igiyar nan mai ƙulli uku, saboda haka babu gadon da za a ci. Bargon da suke rufa da shi, da littattafai, da ɗan abin da za su sayar su ci abinci, na ɗarika ne, kuma shi ne ɗarikar da ta rage a Katsina.

Wannan uzuri ne ga kwashe kayan, amma ba uzuri ba ne ga abin da ya biyo baya. Labarin ya bi ta baki biyu kafin ya kai ga alƙalami, kuma alƙalamin na 'yan'uwan mamatan ne, ya kamata a riƙe wannan. In dai haka aka yi, ba a kyauta ba. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani filla-filla a kan wanda ba Musulmi ba da ya shigo ƙasar Musulmi da aminci: jininsa da dukiyarsa suna da alfarma, ba a kuma sayen imanin mutum da mayar masa da bargonsa. Garin da ake yi wa kirari da ɗakin kara ya fi ƙarfin a ce baƙo ya fita daga fadarsa hannu wofi, ga makoki, ga kaɗaici. Ni Musulmi ne, ban yarda da abin da Severino ya zo wa'azinsa ba, amma mutumin da aka ce ya bar addininsa a ba shi abin rufa, ya ce a'a, yana sane da cewa ba shi da kowa a faɗin ƙasar, na san sunan wannan hali, domin shi muke yabo in namu ne ya yi.

Akwai masu jin labarin su ce ai bakin sarki ne ya kama shi, wasu kuma su ce sammu aka yi musu ko guba. Ƙarshen labarin ya rufe wannan ƙofa. Mutum goman nan da suka taso daga Agadas, tara ciwon ya kashe. Mutum ɗaya ne ya fita da rai ya koma arewa. Abin da ya ci limaman shi ya ci abokan tafiyarsu, bai tambayi addinin kowa ba.

Wannan mutum ɗaya shi ya sami Alhaji Milad ya ba shi labari. Alhaji Milad kuma ya ɗauko shi ya ratsa hamada da shi. Kafin ya isa gida mulkin Tarabulus ma ya sauya hannu, Ahmad Karamanli ya ƙwace gari a 1711. A shekarar 1712 Alhajin ya je gidan limaman ya faɗa musu yadda 'yan'uwansu suka ƙare. Ba wanda ya aike shi, ba ladan da zai karɓa, kuma labari ne da bai yi wa wani sarkin Musulmi ado ba, da ya so sai ya yi shiru ko ya gyara. Wanda ya rubuta bayanin ya lura cewa cikin tausayi mutumin yake magana. Ta'aziyya ya je yi, irin wadda abokin tafiya ke kai wa dangin wanda ya rasu a hanya. Ba don shi ba, da Carlo da Severino sun shiga sahun dubban da hamada ta haɗiye ba labari.

Roma ba ta sake tura kowa ba, aikin Barno ya mutu tare da su. Bayanin ya kwanta cikin kundin gidan limaman Tarabulus sama da shekara ɗari, sai a 1818 wata mujallar Landan, Quarterly Review, ta buga shi da Turanci, lokacin da Ingila ke ƙishirwar sanin inda kogin Kwara ya nufa. A 1850 Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tashi daga Tarabulus ya bi Murzuk da Agadas da Katsina, kusan sawu a kan sawu, ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851. Ana yawan ambaton shi da wani matafiyi mai suna Clapperton a matsayin Turawan farko da suka ga ƙasar Hausa, alhali waɗannan limamai biyu sun riga Clapperton da shekara 113. Sai a 1967 masanin tarihi Richard Gray ya tono wasiƙun da ke ajiye a Roma ya haɗa labarin wuri ɗaya.

Kwararrafa fa? Daular ta watse, Jukunawan Wukari ƙarƙashin Aku Uka su ne manyan magadanta, tare da wasu ƙabilun kwarin Binuwai da ke danganta kansu da ita. A watan Fabrairun 1907 limaman Katolika uku na ƙungiyar SMA, Oswald Waller da Ernest Belin da Joseph Mouren, suka sauka a Shendam, ƙasar Goemai, waɗanda Hausawa ke kira Ankwai, mutanen da tarihinsu ya haɗu da na Kwararrafa. Ta kudu suka shigo, ta kogi. Nan ne tashar Katolika ta farko da ta zauna da gindinta a arewacin Binuwai. Ba su tarar da coci ko Kirista ɗaya na dā ba. Sun tarar da manoma masu addininsu na gargajiya, su ma limaman suka kama fartanya suka yi noma don su ci, suka yi shekaru kafin su sami mabiya.

Birnin Kano kuwa ya tsaya a kan matsayinsa. A 1900 tawagar 'yan mishan na cocin Ingila, Bishop Tugwell da Likita Miller da abokansu, sun shigo har gaban Sarki Alu, ya sallame su ya ce su bar masa gari. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka bar tsarin yadda yake, cikin ganuwa na Musulmi, baƙi kuma aka yanka musu Sabon Gari. Can ne Katolika suka yi cocinsu, can babban cocin Our Lady of Fatima yake, kuma sai a 1999 Kano ta zama cikakkiyar dayosis, da Bishop Patrick Sheehan ɗan ƙasar Ayilan a kan kujera, kafin John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008.

A ƙasar Katsina, limaman ɗarikar Dominik 'yan Amurka ne suka zo a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, suka kafa tasha a Malumfashi, suka riƙa shiga ƙauyukan Maguzawa da makaranta da ɗakin magani, suna wa'azi da Hausa. A can suka sami masu saurare, a karkara, ban da cikin birni, daidai yadda wani mutum ya faɗa wa Fada Carlo a Agadas tun 1711. A watan Oktoban 2023 Paparoma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, ranar 12 ga Disamba kuma aka naɗa bishop ɗinta na farko a birnin da limaman nan biyu suka rasu. Sunansa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne.